Kwabar Kaka da Sif ɗin Amarya: Wanne Ne Dukiya?

A Gwangwan, kamar a sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, har yau akwai ɗakunan tsofaffin mata da tsarinsu bai sauya ba tun shekara arba'in ko hamsin da suka wuce. Gadon ƙarfe mai rumfa yana gefe guda, adaka biyu ko uku suna ƙarƙashinsa, a bangon da ke kallon ƙofa kuwa kabad ne tsaye, wanda mutanen Kano suka fi kira kwaba: katako mai nauyi, ƙofofin gilashi a sama, durowa a tsakiya, ma'ajiya a ƙasa. A cikinta an jera farantan tangaran da tasoshi da kofuna, a kanta kuma an ɗora kwalla da samira, manya a ƙasa ƙanana a sama, har su kusa taɓa rufi. Da yawa daga waɗannan kwanuka ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Ranar da mai ɗakin ta rasu, ko ranar da 'ya'yanta masu aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja suka rushe ginin ƙasa suka yi mata na bulo, kayan nan sukan watse. Kwaba takan koma bayan gida ta zama akurkin kaji har gara ta gama da ita. Gadon ƙarfe da tasoshi sukan tafi wurin 'yan gwangwan (sunan sana'ar ke nan, ba ruwanta da sunan garin), a ɗora su a sikeli a biya kuɗin kilo. Abin da ya yi saura mai kyan gani kuma dillalai su kwashe da arha. In tsohuwar tana da rai, sai a kawo mata sif mai ƙofa huɗu da dibaida da madubi, duk masu sheƙi, a ce an fitar da ita kunya.

Ana ɗaukar wannan musaya a matsayin ci gaba, alhali in aka zauna aka yi lissafi, asara ce. Tsohuwar kwaba da abin da ke cikinta dukiya ce da mace ta mallaka, tana iya sayar da ita ɗaya bayan ɗaya ranar buƙata, tana iya kai ta gyara, tana iya tashi da ita. Abin da ya maye gurbinta kuwa tun ranar jere yake fara zubar da daraja. Masu ilmin boko da albashi su ne yau ke yanke shawarar abin da za a zubar a gidan iyaye da abin da za a saya wa amare, saboda haka ya kamata su san abin da suke bayarwa da abin da suke karɓa.

Kafin zuwan kwaba

Ƙasar Rogo ta yi sa'ar da wurare kaɗan suka yi, domin akwai rubutacciyar shaida daga bakin mace a kan rayuwar mata a nan tun kafin zuwan Turawa. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi ne tsakanin ƙauyen Karo da garin Zarewa, wanda yau yake ƙaramar hukuma ɗaya da Gwangwan. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga shi da Turanci a 1954. Aure da biki da ƙawance da kayan da ake kai wa amarya sun cika labarin. Duniyar da ta taso a ciki ta ƙwarya ce da akushi da tukunya da faifai, da zanen saƙi da kuɗin wuri.

A wancan zamani ba a san ma'ajiyar katako ba. Ƙorai suna rataye a ragaya, tufafi suna cikin adudu, hatsi yana rumbu. Kalmar lefe kanta sunan wani kwandon kaba ne kafin ta koma sunan akwatunan da ango ke aikawa. Wannan sauƙin kaya yana da dalili. Labarin Baba cike yake da hare-haren masu kamun bayi a wannan iyaka ta Kano da Zazzau da Katsina, kuma a ƙasar da ake kwana da fargabar hari, duk kayan da ba za a iya ɗauka a ka a gudu ba wahala ce kawai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kuɗi suka shiga hannun manoma, kantunan Turawa da na Kwara suka cika da kaya. Adakar ƙarfe da fantimoti suka ture adudu. Tasoshin tagulla, na Bida da na ƙetare, suka zauna kusa da ƙorai. Daga baya kwanon samira ya shigo, wato ƙarfen da aka lulluɓe da ruwan gilashi aka gasa a wuta, mai furanni da launuka. Da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo shi. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antun irin wannan kwano har a Kano, ya yi araha, ya kai kowane ƙauye.

Kwaba ita ce autar waɗannan kaya. Sai da aka samu yankakken katako daga kudu, da kafintoci, da gilashi, da ɗaki mai kusurwa huɗu da daɓen siminti, sannan ta samu wurin tsayawa, domin ba ta jingina da bangon zagayayyen ɗaki. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, su suka fitar da ita daga gidajen ma'aikata da attajirai ta bazu cikin karkara.

Ke nan kwaba baƙuwa ce, sunanta ma aro ne daga Turanci. Ko a Ingila ba a san kabad mai gilashi sosai ba sai bayan da Sarauniya Mary ta Biyu ta dawo daga Holan a 1689 da son tara tangaran na ƙasar Sin, manyan gari suka kwaikwaye ta, kafintoci suka ƙera musu abin nuna shi. Wanda zai kare kwaba da hujjar cewa ita ce gargajiya bai san tarihinta ba. Hujjar kare ta tana cikin aikin da matan Hausawa suka sa ta yi bayan ta zo.

Taskar da ke jingine da bango

Ba rana ɗaya ake cika kwaba ba. Uwa takan fara tarin kayan ɗakin 'yarta tun yarinyar tana ƙarama, daga ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da daddawa, daga kwasar adashi, daga kiwon akuya. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda tallan 'yan mata ke haɗa matan kulle da kasuwa, da yadda ribar ke komawa ga kayan ɗakin ita mai tallan. Sannan ga biki: abin da uwa ta kai wa ƙawaye da dangi a nasu sha'anin, shi ke dawo mata da ƙari ranar nata.

Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta bi sawun yadda kayan ɗaki suka tashi daga ƙorai zuwa kwanukan kanti, ta kuma nuna cewa jere hanya ce ta bayyana darajar amarya da yawan mutanen da ke bayanta. Abin da ta gani a Maraɗi bai bambanta da na ƙasar Kano ba. Matan da ke shiga ganin ɗaki karanta kwaba suke yi. Sun san wannan jerin daga gwaggo ya fito, wancan daga kawu, wannan kwalla kuma ta kakar amarya ce da aka fitar daga nata ɗakin. Miji da danginsa su ma suna karantawa, su gane cewa yarinyar nan tana da gata.

Bayan wannan, kayan suna da amfani na kuɗi tsagwaronsa. Na farko, suna rabuwa. Mace mai kwano sittin tana iya fitar da biyu ta sayar ranar da yaro ya kwanta ciwo, ko lokacin da rumbu ya ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, ba tare da ɗakinta ya zama kango ba. Na biyu, suna da kasuwa a bakin ƙofa. Dillaliya tana shiga gida-gida, ta san farashin kowane samfuri, ta san wadda ke haɗa kayan aure tana nema. Kwanon da ba a taɓa amfani da shi ba sabo ne ko bayan shekara goma, kuma a shekarun da Naira ke faɗuwa, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wadda ta ajiye kwano ta fi wadda ta ƙulle takardar kuɗi a bakin zane. Wannan ne ma'anar kwanukan da ba a ci a ciki, waɗanda 'yan boko ke yi wa dariya.

Na uku, shari'a tana bayan mai su. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Littattafan Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da su, irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi magana a kan jayayyar ma'aurata game da kayan gida: in babu shaida, abin da aka saba na mata ne ana bai wa matar bayan ta yi rantsuwa. Kwano da kwaba ba su da shubuha a al'adar Hausa. A ƙasar da mutuwar aure ta yawaita, kuma matan karkara kaɗan ne ke da gona da sunansu ko asusun banki, wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Ranar da aka zo kwashe kaya, da jarinta take fita.

Garin katako da gam

Yawancin sif da dibaida da kabad ɗin kicin da ake yi wa amare yau da allon MDF ake yin su. Wannan allo, wanda aka fara sarrafawa a Amurka a shekarun 1960, garin katako ne da ake cuɗawa da gam a matse da zafi, sannan a manna masa fata mai sheƙi. Yana da santsi, yana yankuwa cikin sauƙi, yana karɓar kowane launi, shi ya sa kafintoci da masu saye suka so shi. Aibinsa ruwa. Da zarar danshi ya shiga gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Ƙusa da noti ba sa kama shi sau biyu a rami ɗaya. Sif ɗin da aka kwance aka ɗaura sau biyu ko uku, daga gidan haya zuwa wani, ƙofofinsa sun daina haɗuwa ke nan.

A ƙasar Rogo, inda damina ta fi ta birnin Kano nauyi, ga ɗakuna masu tsattsafo, ga hanyoyin da ake jijjiga kaya a bayan a-kori-kura kafin a isa, irin wannan allo ba ya kai labari. Kafinta zai iya fere tsohuwar kwabar maɗaci, ya sauya mata ƙafar da gara ta ci, ya sa sabon gilashi, ta ƙara shekara talatin. MDF da ya sha ruwa ba shi da magani sai juji. Saitin gado da sif kuma ba ya rabuwa: ba a cire ƙofa ɗaya a sayar a sayi magani. In dole ta sa a sayar, sai a sayar duka, a kan kuɗin da bai kama ƙafar abin da aka kashe ba, domin yayi ya riga ya wuce.

Ga shi kuma yawancin allon da maƙallansa daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan katako da allunansa da kwanukan samira cikin jerin kaya 41 da ya hana wa canjin gwamnati, bai janye hanin ba sai a Oktoban 2023. A watan Yunin shekarar aka saki Naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma, ta haura 1,500 a farkon 2024. Uban da ke da 'ya'ya mata uku a Gwangwan, wanda abin da ya dogara da shi masara ce da rake, ya ji wannan a jikinsa. Ana sayar da shanu, ana jinginar da gona, ana ɗaga biki. Gwamnatin Kano kanta ta san kayan ɗaki ne ke tare auren talaka: tun auren zawarawa da aka fara ta hannun Hisbah a 2012, har zuwa auren gata na ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, gado da katifa suna cikin abin da take ɗaukar nauyi.

Abin takaicin shi ne katakon kirki bai ƙare a ƙasar ba, fita yake yi. A tsakiyar shekarun 2010 Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da itacen madobiya zuwa ƙasar Sin, mafi yawa daga dazukan Taraba, har aka sa shi ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES a 2017, aka kuma dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Can kuwa abin da ake yi da shi kabad ne da kujeru irin na zamanin sarakunan Ming da Qing, waɗanda masu kuɗi ke saye su ajiye a matsayin kadara. Itacen ya tafi ya zama abin gado a gidan wasu, garin katako ya zo ya zama kayan auren 'ya'yan masu dajin.

Abin da masu suka ke faɗa

Akwai masu ganin cewa kukan tsohuwar kwaba ƙauna ce kawai ta abin da ya wuce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tsohon jere ma gasa ce. An yi gori a kansa, an yi kuka, an ci bashi. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan almubazzaranci da riya a cikinsa. Mafi muni, tallan da ya cika kwaba shi ne ya hana dubban 'yan mata zama a aji lokacin da aka buɗe makarantun UPE a 1976, kuma har yau bai daina ba. Duk wanda zai yabi kwaba dole ya faɗi wannan farashi.

Suna kuma cewa zamani ya ba mace ma'ajiyar da ta fi kwano. Likita ko lauya ko malamar jami'a tana da albashi, tana da asusu a wayarta, tana iya sayen zinare ko fili. Gidan haya mai ɗaki biyu a Kano ba shi da wurin kwalla arba'in, ga ƙura, ga kyankyaso. Kasuwar samira ma ta mutu, tun da kula da roba da silba sun karɓe kicin, dillaliyar yau ba za ta ba tsohon kwano kuɗin da uwarta ta ba shi ba.

Duk wannan haka yake, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma tara samira. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sai dai maganar ta tsallake abu guda. An bar kwano, amma ba a bar gasar ba, kuma kuɗin da ake kashewa bai ragu ba. Abin da ya ɓace shi ne rabin amfanin, wato ajiyar. A da kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, domin abin da aka nuna shi ne abin da aka tara. Yanzu nunin ya rage shi kaɗai. Likitar da ke da albashi za ta iya jure wannan asara. Amaryar ƙauye da ke kwaikwayon ɗakin likitar, wadda ba ta da asusu ba ta da fili, ita ce ke fita daga gidan miji bayan shekara biyar da kumburarren allo. Yayi daga sama yake gangarowa, shi ya sa nauyin gyara yake kan waɗanda ake kallo.

Dalilin da kaya ba sa tsufa a gidan Bahaushe

A kasuwar Turai, kayan ɗakin da ya shekara ɗari ana ba shi suna na daban da farashi na daban. Akwatunan aure da ake yi wa amaren Fulorans ta Italiya a ƙarni na 15, waɗanda aikinsu bai bambanta da na adaka ba, yau suna gidajen tarihi na Landan da New York. A ƙasar Hausa da wuya a samu kwabar da ta wuce hannu uku. Gara da gobara suna da laifi, amma ba su kaɗai ba.

Tsarin kansa na yawo ne. Uwa tana cire na ɗakinta ta sa a na 'yarta, don haka jeren tsohuwa raguwa yake yi da yawan 'ya'yan da ta aurar. In ta rasu kuma sai rabon gado: a yi wa kowane abu kuɗi, miji ya ɗauki rubu'i in akwai 'ya'ya, ko rabi in babu, saura a raba, namiji ya samu ninkin na mace. Wannan adalci ne ga magada, amma saitin da aka shekara talatin ana haɗawa yakan watse a yini ɗaya, wani kashi ya faɗa hannun 'ya'ya maza waɗanda matansu ba sa so.

Dokar ƙasa ma ba ta san da su ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki 1918 a matsayin iyaka: aikin hannu na gida da aka yi kafin wannan shekara shi ne kayan tarihi, sai kuma wanda aka yi amfani da shi a wani bikin gargajiya yake da muhimmanci na musamman. Kwabar da kafinta ya yi a 1975 ba ta da mai tsaya mata. Gidan Makama a Kano yana da sashen da ke nuna ɗakin amaryar Hausa, abin a yaba, amma ɗaki ɗaya ba zai wakilci bambancin birni da ƙauye, ko na 1940 da 1980 ba.

Masu sanin darajar tsohon kaya kuwa suna nan, kuma Hausawa ne. Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 a kan cinikin kayan fasahar Afirka a Kwaddibuwa, ya nuna irin rawar da fataken Hausawa ke takawa wajen bin ƙauyuka suna saye, suna kai wa Turawa. A Kasuwar Kurmi ma akwai rumfunan da ke sayar da tsofaffin tasoshi da akusa ga baƙi. Abin da jika ya raina, falke ya san kuɗinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda bai zubar da ita ba.

Abin da ya rage a yi

Ga wanda har yanzu akwai irin wannan ɗaki a gidansu, aikin farko na baki ne. Tun mai ɗakin tana da rai a zauna da ita a tambaye ta: wa ya yi kwabar, a wane gari, shekarar wane sarki ko wace yunwa, wane kwano ne na aurenta, wanne ta saya da kuɗin sana'arta. A naɗi muryarta a waya, a ɗauki hoton jeren yadda ta tsara shi, a rubuta a takarda a sa cikin durowa. Kwabar da aka san labarinta shaida ce a kan tattalin arzikin mata na rabin ƙarni, wanda ba ya cikin kundin kowace ma'aikata.

Na biyu gyara ne, kuma ba shi da tsada. A janye ta daga jikin bango, a ɗora ƙafafunta a kan dutse ko bulo, a sa maganin gara, a nemi tsohon kafinta ya ɗaure inda ya saki. Kada a shafe ta da fenti mai sheƙi, goga da ɗan mai ko kakin zuma sun isa. Katakon da aka sare shekara hamsin da suka wuce ya riga ya bushe ya zauna, kuma amfani da shi bai buƙaci a kayar da wata bishiya ba. Tana iya ɗaukar littattafai a falo kamar yadda ta ɗauki tangaran. Ranar rabon gado kuma ba abin da ya hana magaji ɗaya ya karɓi saitin duka a kan kuɗin da aka yi masa, ya biya sauran haƙƙinsu, shari'a ta cika, kaya su zauna wuri ɗaya.

Hukumomi ma suna da rabo. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tana iya keɓe ɗaki guda a adana cikakken jeren matan yankin, da sunayen masu shi in iyalansu sun yarda. Ƙasar da ta haifi Baba ta Karo ta cancanci haka. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello kuwa ga fagen bincike a gidajen kakanninsu, ba sai sun yi nisa ba.

Na ƙarshe, kuma mafi nauyi, ya shafi amaren gobe. Mai shirin aurar da 'ya ko ƙanwa ya yi wa kowane kaya tambayar da tsofaffin mata ke yi wa kwano: in rana ta ɓaci, nawa za a saye shi? Gado ɗaya da sif ɗaya na katakon gaske, wanda aka zaɓo a 'Yan Katako ta Na'ibawa aka ba kafintan da ya iya, sun fi saiti uku na allo. Abin da ya yi rara a mayar da shi zinare, ko tumaki, ko fili, ko kuɗin makaranta, da sunan yarinyar, a gaban shaidu. 'Yan ganin ɗaki za su yi magana, amma maganarsu ta mako ɗaya ce. In manyan ma'aikata da 'yan kasuwa goma a gari suka yi haka a bikin 'ya'yansu, manomin Gwangwan zai samu bakin cewa shi ma ga abin da zai iya, ba tare da ya jinginar da gonarsa ba.